Waiwaye: Abin da jama'a ke zuwa nema a baje kolin bindigogi na Amurka

Sau biyu a shekara, a watan Afrilu da na Nuwamba, wani katafaren zaure da ke birnin Tulsa a jihar Oklahoma yakan cika maƙil da tebura fiye da 4,000, kowanne ɗauke da bindigogi, harsasai, wuƙaƙe da tsofaffin kayan soja. Wannan shi ne baje kolin Wanenmacher, wanda masu shirya shi ke cewa babu kamarsa a duniya wajen girma. Ƙanana kuwa kusan kowace Asabar da Lahadi ana yin su a garuruwa daban-daban, wani a filin nunin amfanin gona, wani a zauren taron gari. Wani rahoton gwamnatin tarayya da ya fito a 1999 ya ƙirga fiye da 4,400 a shekarar da ta gabace shi kaɗai.

Duk wanda ya san ɓarnar da bindiga ke yi a ƙauyukanmu, in ya ji ana shimfiɗa ta a kan teburi, magidanci ya shigo riƙe da hannun ɗansa ya taya, dole gabansa ya faɗi. Nawa ma ya faɗi. Sai dai ba za a gane rigimar da Amurkawa suka shekara fiye da 50 suna yi a kan wannan kasuwa ba, sai an fara sanin abin da mai zuwa yake sa ran samu in ya biya kuɗin ƙofa.

Kuɗin shigar yawanci dala 10 zuwa 20 ne. A bakin ƙofa akwai masu tsaro da ke karɓar duk bindigar da mutum ya zo da ita, su tabbatar babu harsashi a ciki, su ɗaure ta da igiyar roba yadda ko an ja kunama ba za ta tashi ba. Wannan ka'ida tana da dalili: a ranar 19 ga Janairun 2013 kaɗai mutum 5 suka ji rauni a baje koli uku, a jihohin North Carolina, Ohio da Indiana, saboda bindigogin da suka tashi bisa kuskure. Da an wuce ƙofa kuwa, kasuwa ce kamar kowace kasuwar mako. Ana taya kaya, mai kaya ya ƙi sallamawa, mai saye ya yi kamar zai wuce a kira shi. Mai tsabar kuɗi ya fi samun ragi. Waɗanda suka saba suna cewa safiyar Asabar ake samun kaya masu kyau, yammacin Lahadi kuma ake samun sauƙin farashi, lokacin da 'yan kasuwa ba sa son sake loda kaya a mota. Za ka ga wani yana zagayawa da doguwar bindiga a kafaɗa, ya maƙala mata takarda mai ɗauke da farashi: ya zo sayarwa ne ko musaya, bai kama teburi ba. A gefe kuma ga masu sayar da riguna, tsofaffin sulalla, littattafai, da busasshen naman nan nasu mai kama da kilishinmu, wanda tsofaffin masu zuwa ke ƙorafin cewa ya kusa korar bindigogin daga tebura.

Asalin abin na masu tara kayan tarihi ne. Ƙungiyar masu tara bindigogi ta jihar Ohio, wadda aka kafa a 1937, tana cikin na farko-farko, kuma taronsu na dattawa ne masu sha'awar bindigogin yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865 da na zamanin da Turawa ke kutsawa yammacin Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da bindigogin Jamus da Japan da suka tsinto a fagen fama, ƙasashen Turai kuma suka yi ta sayar da rarar makamansu da arha. A lokacin ko fita ba sai ka yi ba, ta gidan waya ake aiko maka. Bindigar da Lee Harvey Oswald ya kashe Shugaba John Kennedy da ita a 1963 tsohuwar bindigar sojan Italiya ce, kuma ta wasiƙa ya saye ta a kan kuɗin da bai kai dala 20 ba, ban da ladan aikowa.

Kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, da na Sanata Robert Kennedy a 1968, wata biyu tsakani, shi ya sa majalisa ta yi dokar taƙaita bindigogi ta wannan shekarar. Ta toshe saye ta wasiƙa, ta hana masu manyan laifuffuka mallaka, ta kuma ce duk mai sana'ar sayar da bindiga sai ya yanki lasisi, ya yi cinikinsa a shagon da ke rubuce a lasisin. Wannan ya sa baje koli ya ci gaba da zama dandalin masu tara kaya da masu sayar da nasu na gida. Dillali mai lasisi yana iya kawo kaya a gani, amma cinikin a shago ake ƙarasa shi.

Shekarar 1986 ce ta haifi kasuwar da ake gani yau. A watan Mayu Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar kare masu bindiga, wadda NRA, babbar ƙungiyar masu kare haƙƙin mallakar bindiga, ta daɗe tana fafutukar a yi. Dokar ta tabbatar wa masu lasisi damar sayarwa a baje koli a cikin jiharsu, sai manyan shaguna suka kwararo da sababbin kaya, taron dattawa ya koma babbar kasuwa. A cikin dokar kuma aka rubuta cewa wanda ke sayarwa jefi-jefi daga abin da ya tara, ko don sha'awa, ba ɗan kasuwa ba ne, ba ya bukatar lasisi. Ba a faɗi bindiga nawa ne jefi-jefi ba. A lokacin wannan bai ɗaga hankalin kowa sosai ba, domin ko mai lasisin ma takarda kawai yake ba ka ka cika, babu wanda zai bincika ko ka yi ƙarya.

Bambancin ya fito fili ne da dokar Brady ta 1993, mai ɗauke da sunan James Brady, kakakin Reagan da aka harba a ka a 1981. Ita ta wajabta wa masu lasisi bincikar tarihin mai saye, kuma daga ƙarshen Nuwamban 1998 hukumar FBI ta fara gudanar da binciken ta waya da kwamfuta, sau da yawa cikin 'yan mintoci. Tun daga nan zaure ɗaya ya zama yana da tebura iri biyu, wani lokacin kafaɗa da kafaɗa. A na mai lasisi sai ka nuna shaidarka, ka cika takarda mai lamba 4473, a jira amsar FBI. A na maƙwabcinsa da ke sayar da "kayansa na gida" kuwa, a jihohi da yawa, kuɗi hannu bindiga hannu. Doka ta hana shi sayar wa wanda ya san haramtacce ne ko mazaunin wata jiha, amma ba ta tilasta masa tambaya ba.

Nan ne buri na ƙarshe yake, wanda ba kowa ke faɗinsa da ƙarfi ba: a sayi bindiga ba tare da suna ya shiga takarda ba. Da yawa daga masu wannan buri ba masu laifi ba ne. Mutane ne da suka yi imani cewa gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na 1791, ya ba su haƙƙin riƙe makami, kuma duk rajistar da gwamnati ta riƙe wata rana da ita za a bi gida-gida a ƙwace. Wannan tsoro ya sa siyasa ta yi kaka-gida a zaurukan, musamman a farkon shekarun 1990. Timothy McVeigh, wanda ya tayar da bam a ginin gwamnatin tarayya da ke birnin Oklahoma a 1995 ya kashe mutum 168, ya yi yawo a irin waɗannan kasuwanni yana tallar littattafai da takardun ƙin jinin gwamnati.

Sai ga Columbine. A ranar 20 ga Afrilun 1999 ɗalibai biyu suka kashe 'yan'uwansu 12 da malami ɗaya a makarantarsu ta sakandare mai suna Columbine a jihar Kolorado. Uku daga cikin bindigogi huɗu da suka yi aiki da su, wata ƙawarsu 'yar shekara 18 ce ta saya musu a wani baje koli na yankin Denver, daga hannun masu sayarwa marasa lasisi. Wata ɗaya bayan haka Majalisar Dattawa ta amince a riƙa bincike a kowane teburi, da ƙuri'a 51 da 50, mataimakin shugaban ƙasa Al Gore ne ya raba gardama. Ƙudurin ya mutu a Majalisar Wakilai. Jama'ar Kolorado da Oregon ba su jira ba, suka kafa dokar da ƙuri'ar raba gardama a Nuwamban 2000. An sake gwadawa a matakin tarayya a Afrilun 2013, bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook: sanatoci 54 suka yarda, 60 ake bukata.

Masu kare baje koli suna da hujja mai nauyi. Binciken da ma'aikatar shari'a ta yi wa fursunoni a 2016 ya nuna cewa cikin waɗanda suka aikata laifi da bindiga a hannu, waɗanda suka samo ta a baje koli ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Kashi 43 a kasuwar bayan fage suka samu. Na yarda da ƙididdigar, amma ba ta gamsar da ni ba, domin tana faɗin hannun ƙarshe ne kawai, ba ta faɗin ta inda bindigar ta biyo kafin ta isa lungu. A 2009 hukumomin birnin New York suka tura masu bincike a ɓoye zuwa baje koli bakwai a Nevada, Ohio da Tennessee. Kowannensu yakan gaya wa mai sayarwa cewa da wuya ya tsallake bincike. Cikin masu sayarwa 30, 19 suka karɓi kuɗin.

Bayan kisan makarantar Uvalde a Texas, majalisa ta yi dokar Yunin 2022, wadda ta faɗaɗa ma'anar ɗan kasuwa ta haɗa da duk wanda riba ce babbar manufarsa, ta kuma tsananta hukuncin wanda ya saya wa wani haramtacce da sunansa. Hukumar ATF, mai sa ido kan harkar bindigogi a matakin tarayya, ta fitar da ƙa'idar aiwatarwa a Afrilun 2024, nan da nan wata kotun tarayya a Texas ta dakatar da ita a wasu jihohi. Kalifoniya ta bi wata hanyar dabam, ta hana sayar da bindiga a duk filin da ke mallakar jiha, kotun ɗaukaka ƙara ta goya mata baya a 2024.

Abin da ya fi rage wa kasuwar armashi kuwa ba majalisa ba ce, intanet ne. Tun da shafin cinikin bindigogi na GunBroker ya buɗe a 1999, mai saye da mai sayarwa kowa ya san farashin ƙasa baki ɗaya a wayarsa, garaɓasar da ake tsinta a hannun wanda bai san darajar kayansa ba ta yi wuya. In ban da lokacin tsoro, kamar farkon 2013 ko shekarar korona ta 2020 da FBI ta yi bincike kusan miliyan 40, lokacin da akan yi layi tun asuba don neman harsashi, yawancin masu zuwa yanzu suna biyan kuɗin ƙofa ne don su riƙe bindiga a hannu su ji nauyinta kafin su yi oda, su tambayi wani tsoho shekarar da aka ƙera wadda suka gada daga kakansu, su yi hira da masu ra'ayi irin nasu. A Texas da Oklahoma da wasu jihohi da dama, teburin da ba a tambayar kowa komai yana nan a cikin zauren.