Horon likitocin iyali kan lafiyar ƙashi da raunin wasanni a Amurka

Likitancin wasanni reshe ne da ke kula da raunin tsoka, jijiya, ƙashi da gaɓoɓi, da kuma lafiyar masu motsa jiki. A Amurka, likitan iyali yana shekara uku yana neman ƙwarewa bayan kammala makarantar likitanci, kuma wannan fanni na cikin abin da ake koya masa, domin mai ciwon baya, targaɗe ko ciwon kafaɗa yakan fara zuwa wurinsa ne kafin ya ga likitan ƙashi.

An daɗe ana kokawa da ƙarancin ilimin sababbin likitoci a wannan ɓangare. A 1998, Freedman da Bernstein suka shirya jarrabawa mai tambayoyi 25 kan muhimman matsalolin ƙashi da gaɓoɓi, suka ba likitoci 85 da suka fara horo a asibitin Jami'ar Pennsylvania. Saba'in suka faɗi, wato kashi 82 cikin ɗari. Abin damuwar shi ne tambayoyin ba na gwanaye ba ne, abubuwa ne da duk likita zai ci karo da su a ɗakin duba marasa lafiya.

Hukumar ACGME, wadda ke tantance shirye-shiryen horon likitoci, ta taɓa wajabta aƙalla awa 200, ko wata biyu, kan lafiyar ƙashi da gaɓoɓi a horon likitan iyali, har da aikin wasanni.

Galibin ilimin na hannu ne. Ɗalibi yana koyon gwajin Lachman don gano yagewar jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki, da yin allura a cikin gaɓa, da sa filasta, da gane girgizar ƙwaƙwalwa a bakin filin wasa. Akwai kuma ƙa'idojin Ottawa na 1992 daga Kanada: wanda ya gurɗe a idon sawu ba lallai a ɗauki hoton ƙashinsa ba, sai idan ƙashin yana zafi in an danna bayansa ko ƙarshensa, ko ya kasa taka ƙafa taku huɗu.

Mai son zurfafawa yakan ƙara shekara ɗaya, sannan ya zauna jarrabawar takardar shaidar ƙarin ƙwarewa, wadda aka fara a 1993. Ƙungiyar irin waɗannan likitoci, AMSSM, an kafa ta a 1991. A Birtaniya kuwa, a 2005 aka amince da likitancin wasanni a matsayin fanni mai zaman kansa.