Shimfiɗa intalok a garejin gida

Intalok shimfiɗar ƙasa ce da ake haɗawa da ƙananan tubala ko faifaye masu kama juna ta gefe, ba tare da an liƙa su da kwaɓin siminti ko gam ba. A Gombe da Bauchi an fi saninsa a harabar gidaje, gidajen mai da filayen masallatai, daga nan ya shiga garejin gida, wato ɗaki ko rumfar da ake ajiye mota. Iri biyu ne ake amfani da su a gareji: na kankare, wanda ake jerawa a kan yashi, da na roba, wanda ake shimfiɗawa a kan daɓen siminti da aka riga aka yi. Kowanne da wurin da ya dace da shi, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ne ke yanke tsawon kwanansa fiye da kyan fuskarsa.

Asali

Tubalin kankare na shimfiɗa hanya ya bunƙasa a ƙasar Holan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jan bulo ya yi ƙaranci saboda aikin sake gina gidaje. Jamus ta inganta injinansa da siffofinsa a shekarun 1960, sannan ya bazu zuwa sauran duniya. Na roba ya zo daga baya, domin masana'antu da wuraren gyaran mota. Gyara ƙasa ta hanyar bugu kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: mata sun daɗe suna daɓen ɗaki da marmara da ruwan makuba, suna bugawa da madaɓi har ƙasa ta haɗe. Wannan daɓewar ita ce har yanzu ginshiƙin aikin intalok, sai dai inji ya karɓi aikin hannu.

Na kankare

Ana yin sa da siminti, yashi ko garin dutse, da ƙananan tsakuwa, a ƙara masa launi idan ana so. A wannan yanki siminti bai yi nisa ba, domin kamfanin Ashaka da ke ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe yana aiki tun 1979, garin dutse kuma yana samuwa daga wuraren fasa dutse, musamman a ɓangaren Bauchi mai yawan duwatsu.

Hanyar buga shi biyu ce. Akwai na zubi, wanda ake zuba kwaɓi mai ruwa a mazubin roba a bar shi ya daskare. Shi ne mai sheƙi da zane, kuma shi aka fi gani jere a bakin titi wajen masu bulo. Akwai kuma na inji, wanda ake matse kwaɓi mai ƙarancin ruwa da ƙarfi da girgiza. Fuskarsa ba ta da santsi, amma galibi ya fi ƙarko, kaurinsa ya fi daidaita, taya kuma ta fi kama shi idan ya jiƙe. Ga gareji, na inji ya fi cancanta.

Kauri na da muhimmanci. Milimita 60 ya ishi ƙaramar mota. Inda za a riƙa shigo da motar kaya ko tankar ruwa, milimita 80 ake bukata. Abin da bai kai 60 ba na tafiyar ƙafa ne, ko da mai sayarwa ya rantse zai ɗauki mota. Sai batun lokacin yin ƙarfi: kankare yana kai cikakken ƙarfinsa ne bayan kwana 28, kuma yana bukatar ban ruwa aƙalla mako guda na farko. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kusantar digiri 40, tubalin da aka buga aka bari a rana ba ruwa yakan bushe kafin ya yi ƙarfi, ya riƙa marmashewa ta kusurwa. Mai saye yana iya gwadawa da kansa. Idan aka ƙwanƙwasa tubali biyu, mai kyau yakan ba da ƙara mai kaifi, marar kyau kuwa sautinsa a dushe yake. Idan aka goga gefensa da ƙusa ya zubar da gari, an yi wa simintinsa ƙwauro. Yana da kyau a tambayi ranar da aka buga shi, a kuma fasa guda ɗaya a ga cikinsa.

Na roba

Wannan kashi biyu ne. Mai taushi, na PVC, yawanci faɗinsa santimita 50 a kowane gefe, kaurinsa milimita 5 zuwa 7, gefensa da haƙora masu shiga juna. Yana kwanciya luf a ƙasa, ba ya ƙara idan an taka, ya kuma dace da wanda ke daɗewa a tsaye yana gyare-gyare. Mai tauri kuma ana yin sa da robar folifurofilin, faɗinsa santimita 30 zuwa 40, yana da ƙafafu a ƙasa waɗanda ke barin iska da ruwa su wuce. Wasu irinsa na da huji-huji a sama. Masu hujin sun dace da inda ake wanke mota, amma a garin da ƙurar hunturu ke sauka daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙasa takan cika ƙarƙashinsu, har sai an ɗaga an share.

Babban abokin gabar roba shi ne rana. Zafi na sa ta buɗe, idan kuma ba ta sami wurin motsi ba sai ta kumbura ta ɗago a tsakiya. Yawancin garejin gidajenmu rumfa ce mai buɗaɗɗen gefe, rana na dukan bakinta safe ko yamma, don haka robar ta fi dacewa da gareji mai bango da ƙofa. Baƙar taya kuma takan bar tabo a kan PVC mai haske, shi ya sa ake sa baƙi ko ruwan toka mai duhu a layin da taya ke bi. Galibin irin wannan shimfiɗa shigo da ita ake yi, don haka mai saye ya ɗauki rara tun farko, kada ya nemi irinta daga baya ya rasa.

Lissafin kaya

Garejin mota ɗaya mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6 murabba'in mita 18 ne. Tubalin kankare mai santimita 20 da 10 yana cin guda 50 a kowane murabba'in mita, wato 900 ke nan. Faifan roba mai santimita 50 yana cin 4, wato 72. A kowanne ana ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa.

Gyaran ƙasa da jera na kankare

A nan aikin ke tsayuwa ko ya rushe. Ana fara kwashe ƙasar sama da duk wata saiwa da shara, a kashe gidan gara ko tururuwa idan akwai, sannan a daɓe abin da ya rage. A wasu sassan jihar Gombe, irin su yankin Yamaltu-Deba, akwai baƙar ƙasa mai laka wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Intalok da aka ɗora kai tsaye a kanta ba ya wuce damina ɗaya ko biyu bai yi tudu da kwari ba. Maganinta a haƙe ta da zurfi a maye gurbinta da marmara. Haka ma filin da aka cike da ƙasa bayan gini: idan ba a daɓe shi hawa-hawa ba, zai zauna daga baya, daidai inda tayoyi ke tsayawa.

A kan ƙasar da aka daɓe ake zuba marmara ko fasasshen dutse mai kaurin santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa, a bi da injin daɓe. Tun a wannan mataki ake fitar da gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, ta nufi ƙofa da magudana, ba gindin bango ba. Gombe gari ne da ya san ɓarnar zaizayar ƙasa, kuma ruwan Agusta da ya sami hanya ƙarƙashin shimfiɗa yakan kwashe yashin cikin 'yan makonni. Sai a kafa kab, wato ɗan tokarin gefe na kankare, a duk gefen da ba bango, domin shi ne ke hana tubalan bajewa idan mota ta juya taya.

Yashin shimfiɗa ya zama mai kaifi, marar laka, kaurinsa santimita 3 zuwa 4, a share shi lebur da katako a kan bututu biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cike ramukan ƙasa da yashi mai yawa maimakon a gyara gindin. Yashi mai kauri motsi yake yi. Magina da yawa kan shimfiɗa leda don hana ciyawa. A cikin gareji mai rufi ba ta da illa sosai, amma a rumfar da ruwa ke shiga tana tare ruwan a ƙarƙashin tubala.

Ana jerawa daga gefe ɗaya madaidaici, ana bin igiya, mai aikin yana tsaye a kan abin da ya jera. Tsarin ƙayar kifi, inda kowane tubali ke gicciye da na kusa da shi, ya fi kowane tsari jure birki da juyin taya. A bar tazarar milimita 2 zuwa 5 tsakanin tubala, a yanka na gefe da giranda, a bi da injin daɓe, sannan a watsa busasshen rairayi a share shi cikin tsagogin, a sake daɓewa har su cika. Wannan rairayin ne ke ɗaure tubalan su ɗauki nauyi tare. Toshe tsagogin da siminti yana hana su motsin da aka yi su dominsa, kuma yakan fashe.

Shimfiɗa na roba

Aikinsa na yini ɗaya ne idan daɓen ƙasan lafiyayye ne. A share, a wanke baƙin mai, a cike ramuka, a sassaƙe tudu. Idan ana zargin danshi, a liƙa leda a ƙasa ta kwana ta yini. In an ga raɓa a ƙarƙashinta, mai ƙafafu ya fi mai kwanciya dacewa. A ajiye faifayen cikin garejin su kwana kafin a fara, domin su saba da zafin wurin. Ana farawa daga bakin ƙofa, ana haɗa haƙoran da gudumar roba, a bar tazarar kamar santimita 1 tsakaninsu da bango da ginshiƙai. A bakin ƙofa ana sa gefe mai gangara don kada taya ta ɓamɓare layin farko.

Kulawa

Kankare na shan baƙin mai, don haka da zarar ya ɗiga a rufe shi da yashi ko toka, a kwashe, a wanke da omo. Wanda ya ƙi fita sai a cire tubalin a sa wani daga rarar da aka ajiye. Farin gishirin da ke fitowa a fuskar sabon tubali daga simintin yake, kuma yakan gushe da kansa. Bayan kowace damina a duba tsagogi a ƙara rairayi. Wurin da ya zauna ana ɗaga shi, a gyara gindin, a mayar da tubalan nan dai, haka ma idan za a wuce da bututun ruwa ko wayar lantarki.

A kan roba, jak na bukatar faffaɗan katako a ƙarƙashinsa. Janareto mai zafi, walda da garwashi ba su da wuri a kanta, kuma idan gareji ne ɗakin janareton gidan, a bar masa kusurwarsa da daɓen siminti.