Waƙar "Wild Horses" ta Rolling Stones: tambayoyi da amsoshi

Ta yaya 'yan Ingila masu kiɗan rock suka yi waƙar da ta ɗauko salon karkarar Amurka?

Rolling Stones a Landan suka taso, amma tun suna samari kunnensu na kan Amurka. Da kiɗan blues na baƙaƙen fata suka fara. A 1968 Keith Richards, mai kaɗa gita, ya ƙulla abota da Gram Parsons, wani matashi Ba'amurke da kiɗan country ya ratsa shi har ɓargo. Kiɗa ne na fararen fatar kudancin Amurka, mai tafiya a hankali, cike da kewa da rabuwa. Sukan zauna tare suna rera tsofaffin waƙoƙi, kuma wannan zama ya bar tambarinsa a "Wild Horses".

Wa ya rubuta ta, kuma a kan me take magana?

Richards ne ya fara ta. An haifa masa ɗa, Marlon, a watan Agustan 1969, sai ga tafiyar wasanni zuwa Amurka ta taso. Uba ne da zai bar jaririnsa, shi ya sa amshin ke cewa ko dawakan daji ba su isa su janye shi daga wurin ba. Mick Jagger, jagoran mawaƙin ƙungiyar, ya karɓa ya rubuta baitocin, ya karkata su zuwa soyayyar da ke mutuwa. Mutane da yawa sun ɗauka da budurwarsa, mawaƙiya Marianne Faithfull, yake, shi kuwa ya musanta. Ni dai duk lokacin da na saurare ta, muryar uban nake ji a ƙarƙashin ta masoyin, kuma ina ganin wannan ne ya hana ta tsufa.

A ina aka ɗauke ta?

A situdiyon Muscle Shoals Sound da ke garin Sheffield, jihar Alabama, tsakanin 2 da 4 ga Disamban 1969. Ɗan ƙaramin gini ne a bakin titi, wanda ba zai ja hankalin mai wucewa ba. Cikin waɗannan kwanaki uku suka ɗauki "Brown Sugar" da "You Gotta Move" su ma.

Mai kaɗa musu fiyano, Ian Stewart, ba ya son sautukan nan masu sanyaya jiki da ake kira minor, sai ya ƙi taɓa waƙar. Jim Dickinson, wani makaɗi daga Memphis da ya zo wurin, shi ya zauna ya kaɗa. Mick Taylor, ɗayan mai kaɗa musu gita, kuma ya yi amfani da gita mai ɗaurin Nashville, wato an canza tsirkiyoyi huɗu masu kauri da sirara, aka ɗaga sautinsu sama. Idan ka sa kunne sosai za ka ji wani siririn amo yana yawo a saman gitar Richards mai tsirkiya 12.

Fim ɗin Gimme Shelter na 1970 ya nuna su zaune suna sauraron abin da suka ɗauka, Richards ya kishingiɗa, ido a lumshe, yana kaɗa ƙafa. Kwana biyu bayan barinsu Alabama suka yi wasa a taron kiɗa na Altamont a Kalifoniya, inda aka kashe wani matashi, Meredith Hunter, a gaban dandamali.

Me ya sa ba ta fito ba sai 1971?

Rigimar haƙƙin mallaka da manajansu Allen Klein ce ta jawo jinkiri. Kafin a warware, ƙungiyar Parsons, Flying Burrito Brothers, ta riga su fitar da ita a 1970 cikin faifan Burrito Deluxe, da yardarsu. Ta Rolling Stones kuwa ta fito a faifansu Sticky Fingers a watan Afrilun 1971, ta kai mataki na 28 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka.

Suna yawan rera ta a gaban jama'a?

Ba kullum ba, domin waƙa ce mai buƙatar natsuwa, filin wasa kuwa hayaniya yake so. Sun rera ta a zagayen Amurka na 1975, suka sake ɗaukar ta a Tokyo don faifan Stripped na 1995. A 2018 mawaƙiyar Ingila Florence Welch ta hau dandamali a Landan suka rera ta tare da Jagger.