Wa ke sa ido kan hukumomin yanki masu kula da tsofaffi a Amurka?

A Amurka, idan aka ƙwanƙwasa ƙofar wata tsohuwa da hantsi aka miƙa mata abinci mai zafi, ko mota ta zo ta ɗauki wani dattijo zuwa asibiti, galibi akwai hukumar yanki a bayan aikin. Kuɗin jama'a ne ake kashewa, kuma waɗanda ake yi domin su ba su da ƙarfin ɗaga murya. Shi ya sa batun wa ke duba waɗannan hukumomi yake da nauyi.

Daga ina hukumomin suka samo asali?

A watan Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar kula da tsofaffin Amurka, a watan da aka kafa inshorar lafiya ta Medicare. A 1973 aka yi wa dokar gyara, aka umarci jihohi su karkasa ƙasarsu yanki-yanki, kowane yanki da hukumarsa, wadda ake taƙaita sunanta da AAA. Yau sun haura 600. Kalifoniya na da 33, Pensilbaniya na da 52. Wasu jihohi marasa yawan jama'a, irin su Delaware da Wyoming, ba su karkasa ba: ofishin jiha shi ke yin aikin da kansa. Duk wanda ya kai shekara 60 ya shiga sahu, ba a kuma hana shi hidima don yana da hali, amma doka ta ce a fara da matalauta, da mazauna karkara, da waɗanda ba su jin Turanci sosai.

Gwamnati ce ke da su?

Ya danganta da wurin. Wasu sashe ne na ƙaramar hukuma, kamar na birnin New York, wanda ke ƙarƙashin magajin gari. Wasu na ƙarƙashin majalisar haɗin gwiwar ƙananan hukumomi. Da yawa kuma ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ba riba suke nema ba, suna da kwamitin amintattu. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Inda hukumar ke cikin gwamnati, zaɓaɓɓun wakilai ne ke da ta cewa, kuma ana iya kayar da su a akwatin zaɓe. Inda mai zaman kanta ce, kwamitin amintattu ne ke ɗaukar darakta, shi ke sallamar sa, kuma idan kwamitin ya yi barci, sai daraktan ya zama wuƙa da nama.

To ta yaya kuɗin ke gangarowa?

Majalisar dokokin tarayya ke ware shi, ya bi ta ma'aikatar lafiya, a raba wa jihohi gwargwadon yawan 'yan shekara 60 zuwa sama da ke cikinsu. Kowace jiha tana da nata tsarin rabo zuwa yankuna, wanda sai tarayya ta amince da shi. Ba kyauta ba ce zalla: ana bukatar jiha da yanki su kawo kashi 15 cikin 100 na kuɗin hidimomi irin su abinci, da kashi 25 na kuɗin gudanar da ofis. Kuma an sa wa kuɗin ofis iyaka, kada ya haɗiye abin da aka ware wa tsofaffi.

Wa ke duba su kai tsaye?

Ofishin kula da tsofaffi na jiha. Hukumar yanki tana rubuta shirin aiki na shekara biyu zuwa huɗu, ta faɗi bukatun mutanenta da yadda za ta kashe kuɗi, jiha ta amince ko ta mayar mata. Jiha na aika masu bincike su duba takardu da ɗakunan girki, har da zafin abincin da ake rabawa. Duk hukumar da ta kashe dala miliyan ɗaya na tarayya a shekara, dole a kawo mai binciken kuɗi daga waje. Kafin Oktoban 2024 iyakar dala 750,000 ce. Idan abin ya ci tura, jiha na da ikon ƙwace lasisin yankin, bayan ta ba hukumar damar kare kanta.

Akwai wata ƙa'ida da nake ganin hikima ce babba a cikinta. A asali, hukumar yanki ba ta yin hidimar da hannunta, kwangila take bayarwa, sai in jiha ta ba ta izini na musamman. Dalilin a fili yake: wanda ya dafa abinci ba shi ya kamata ya ɗanɗana ya ce ya yi daɗi ba. Sabbin ƙa'idojin da tarayya ta fitar a 2024, waɗanda su ne gyara mai girma na farko tun 1988, sun ƙara tsananta batun son kai wajen rabon kwangila.

Su tsofaffin fa, suna da baki a ciki?

A takarda, suna da shi. Kowace hukuma dole ta kafa majalisar ba da shawara wadda fiye da rabin 'ya'yanta tsofaffi ne, kuma ana jin ra'ayin jama'a kafin a miƙa shirin aiki. Sai dai shawara kawai majalisar ke bayarwa; ba ta da ikon dakatar da kwangila. Su wa ke zuwa zaman? Masu mota da lafiyar ƙafa, masu Turanci. Tsohuwar da ɗanta ya ɗauko daga Kumasi ko Maraɗi, tana zaune a hawa na biyar a unguwar Bronx ta birnin New York, ba ta san ana zaman ba, alhali irinta doka ta ce a fara da su. Ga waɗanda ke gidajen jinya, akwai wakili mai karɓar koke wanda doka ta wajabta wa kowace jiha tun 1978.

A ina tsarin ke da rauni?

A wurin da lissafi ba ya kaiwa. Abu ne mai sauƙi a ƙirga kwanukan abincin da aka raba. Da wuya a san wanda ke jerin jira wata da watanni, ko wanda bai taɓa jin labarin hukumar ba. Pensilbaniya misali ce. Can hukumomin yanki ne ke binciken ƙorafin cin zarafin tsofaffi, kuma ƙa'idar jihar ta ba su kwana 20 su kammala. A 2019 aka fitar da rahoton babban sufeton jihar da ya zargi ofishin jiha da gaza tabbatar da cewa ana cika wannan wa'adi. Wato mai sa idon shi ma yana bukatar mai duba shi, kuma a sama ma ƙasa ba ta tsaya cik ba: a Maris 2025 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sanar da shirin rarraba ayyukan hukumar tarayya da ke riƙe da dokar kula da tsofaffin tun 2012 zuwa wasu sassa.