SPAD: Ƙananan Jiragen Sama na Roba Masu Rimot

SPAD suna ne da masu sha'awar ƙananan jiragen sama suke kiran jirgin da aka ƙera da fallen roba mai ramuka, irin wanda ake buga allon talla a kansa, ake kuma tuƙa shi daga ƙasa da rimot. Haruffan huɗu sun taƙaita wasu kalmomin Turanci ne masu ma'anar "tsarin jirgin roba mai sauƙi". Jirgin ba ya ɗaukar mutum, kuma faɗin fuka-fukansa yawanci tsakanin mita ɗaya ne da ɗaya da rabi. An san shi da abu biyu: arha, da jure faɗuwar da za ta ragargaza jirgin katako.

Asali

Tuƙa ƙaramin jirgi da rediyo ya girmi robar da ake magana a kanta. A ƙarshen shekarun 1930, wasu tagwaye a Amurka, Walter da William Good, sun tashi jirginsu mai suna Guff, wanda ake lissafawa cikin na farko-farko da suka yi nasara. A wannan zamanin ne, a 1936, aka kafa ƙungiyar AMA mai kula da harkar a Amurka, wadda hedikwatarta take Muncie a jihar Indiyana yanzu.

Shekaru da dama bayan haka, katakon balsa ne ginshiƙin sana'ar. Itace ne marar nauyi da akasarinsa ke fitowa daga ƙasar Ikwado. Maƙeri zai yanka haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan zane, ya manna, ya goge da sanfefa, sannan ya lulluɓe da leda ta musamman yana bi da dutsen guga. Aikin kan ci makonni, wani lokaci watanni. Sabon matuƙi kuwa yana iya mayar da shi tsinke-tsinke cikin daƙiƙa goma na tashin farko, kuma da yawa daga nan suke haƙura da harkar.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu gasar faɗa a sama, inda jirage ke farautar ƙyallen da ke bayan juna, domin karo a wurinsu ruwan dare ne. Ana danganta yaɗuwar SPAD da wasu daga cikinsu a jihar Kansas, wajen ƙarshen shekarun 1990, waɗanda suka riƙa zana jirage daga kayan da ake samu a shagon kayan gini suna raba zanen kyauta. Akwai alamun wasu sun gwada robar kafin lokacin, amma daga nan ne sunan ya kama. Sunan kansa akwai barkwanci a ciki: SPAD kamfani ne na Faransa da ya ƙera jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ciki har da S.VII na 1916 da S.XIII na 1917. Ba abin da ya haɗa su da jirgin roba sai haruffa.

Robar

Ana yin fallen da robar folifurofilin, wadda masanin kimiyya ɗan Italiya Giulio Natta ya samar da nau'inta mai ƙwari a 1954, aka fara sarrafa ta don kasuwa a 1957. In aka duba bakin fallen za a ga bango biyu, sama da ƙasa, da siraran katangu a tsakani da suka bar dogayen ramuka a jere, kamar cikin kwali. Ta tsawon ramukan fallen yana da tauri, ta ɗaya ɓangaren kuma yana lanƙwasuwa cikin sauƙi. Duk dabarar ƙirar a kan wannan bambanci ta dogara.

Sunansa ya danganta da ƙasa: Coroplast a Amurka da Kanada, Correx a Birtaniya, Corflute a Ostareliya. Cikakken falle ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma masu ƙera jirgi sun fi amfani da mai kaurin milimita 2 da mai 4. A Amurka ba lallai ne ma a saya ba. 'Yan takara kan kafa ƙananan allunan kamfe na wannan roba a ƙofar gidaje, da an gama zaɓen Nuwamba kuma sai su zama shara, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga jirgi yana shawagi da rabin sunan ɗan takara a ƙarƙashin fiffikensa.

Yadda ake haɗawa

Gangar jirgin galibi bututun indararo ne na PVC mai kusurwa huɗu, ko dogon ƙarfen alminiyam mai kwari. A gaba ana cusa guntun allon roba mai kauri, irin wanda ake yanka albasa a kai, a ɗaure inji a jikinsa.

Fiffike falle ɗaya ne da ake ninkewa. Ana shata layi a inda za a ninke da abu marar kaifi don kada ya huda, a manna siririn katako a tsaye ta ciki (a Amurka rular katako mai tsawon yadi ɗaya aka saba sawa), sannan a lanƙwaso rabin sama ya hau kan katakon ya sauko ya haɗu da na ƙasa a baya. Katakon shi ne ƙashin bayan fiffiken, shi ke ba shi tudun da iska ke bi ta ɗaga jirgi. Ana ɗaure fiffike a kan gangar jirgin da robali, domin in jirgi ya sha ƙasa robalin ya tsinke, fiffiken ya yi tsalle gefe maimakon ya karye.

Wurin da robar ta fi burgewa shi ne hinji. Sassan da ke motsi a wutsiya da bayan fiffike ba sa buƙatar a sayo musu komai. Sai a zaɓi rami ɗaya, a tsaga bangonsa na gefe guda da reza tun daga farko har ƙarshe, a bar ɗaya bangon. Wannan bangon da ya rage shi zai riƙa lanƙwasuwa, kuma folifurofilin na jure ninki dubbai bai tsage ba, kamar murfin robar man shafawa.

Matsalarta gam. Fuskar robar santsi gare ta, sufa gulu ba ya kama ta haka nan. Wasu kan wuce da harshen wutar gas a kanta da sauri, ba tare da ta narke ba. Wasu kan goge ta da soso mai kaushi da sinadarin wanke fenti. Gwajin da aka saba yi shi ne a ɗiga ruwa: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da sauran aiki, in ya baje, gam zai kama. Wanda ya daɗe da wutar a wuri ɗaya zai ga fallen ya kumbura ya murɗe, sai dai a yanko wani. Gam ɗin ma ɗigo-ɗigo ake sawa a jere, domin in ya yi yawa ba ya bushewa da wuri.

Kafin tashi ana ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gabansa. In wutsiya ta rinjaya, sai a matsar da batir gaba, don jirgi mai nauyin baya ba ya jin linzami.

Inji da rediyo

Jiragen farko sun fi amfani da ƙananan injina masu girman cc 6.5 zuwa 7.5 (ma'aunin girman inji), masu shan haɗin metanol da nitrometan da man shafe inji. Man da injin ke fesowa ba ya cin robar, tsumma kawai ake sawa a goge. Rediyon wancan lokaci yana aiki a zangon 72 MHz a Amurka da 35 MHz a yawancin Turai, kuma mutum biyu ba sa iya tashi a tasha ɗaya lokaci guda. Daga wajen 2005 rediyon 2.4 GHz ya kawar da wannan damuwa. Injin lantarki da batirin litiyam sun bazu a kusan wannan lokaci.

Gasar faɗa

Kowane jirgi yana jan dogon ƙyallen takarda a bayansa, matuƙa kuma suna ƙoƙarin yanke na juna da farfela ko fiffike. Ana samun maki a kan yanka, da kuma kan abin da ya rage na ƙyallen mutum bayan an sauka. Jirage da yawa ne a sama lokaci guda, kuma wanda ya faɗo, sau da yawa farfela kawai ake canja masa.

Saɓani

Masu balsa na cewa jirgin roba ya cika nauyi, dole ya sauka da gudu, kuma ba shi da kyan gani. Masu roba ba su musa nauyin ba, sai dai suna cewa mai koyo ya fi buƙatar jirgin da ba ya tsoron karyawa.

Halin yanzu

Jirgin da ake yi da soso mai tauri ya ƙwace yawancin kasuwar masu koyo, domin ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi dacewa da injin lantarki. A Amurka, a Disamba 2015 hukumar FAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama ta wajabta rajista ga masu jirgin da ya wuce giram 250, kuma kusan kowane SPAD ya haura wannan.