Lokacin Ɗana Kunama a Harbin Faifai Mai Gilmawa

A wasan harbin faifan yumɓu, faifai mai gilmawa shi ne wanda na'ura ke cillowa ya ratsa gaban maharbi daga hagu zuwa dama, ko daga dama zuwa hagu. An fi ganinsa a wasan sikit, wanda ya samo asali a Amurka a shekarun 1920, ya kuma shiga gasar Olamfik a 1968. Faɗin faifan milimita 110 ne, kuma a gasar Olamfik nauyin ƙwayoyin darmar da ke cikin harsashi ba ya wuce giram 24.

Ƙwayoyin suna fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa, amma iska tana rage musu ƙarfi nan da nan. Kafin su ci mita 20, faifan da ke gudun mita 20 a daƙiƙa ya riga ya matsa fiye da mita ɗaya. Shi ya sa ake harba gabansa. Mafi yawan kuskure a bayan faifai yake faɗawa, kuma sau da yawa ba ƙarancin tazarar da aka bari gaban faifan ke jawo shi ba. Maharbi ne ke ɗauke ido daga faifan ya duba bakin bindiga don ya tabbatar, sai hannu ya tsaya cak.

Hanyoyi uku aka sani na samun wannan tazara. Wani yakan biyo faifan daga baya, ya wuce shi, ya harba. Wani yakan ɗora baki a kansa, su yi tafiya tare, sannan ya zarce. Wani kuma tun farko yana gaba, yana riƙe da tazararsa. Ta biyun ta fi dacewa da mai koyo, domin faifan da kansa ke nuna masa gudu da hanya.

Aikin gaske kafin kira ake yinsa, wato kafin maharbi ya yi magana a saki faifan. Maharbi ya zaɓi inda zai fasa faifan, ya daidaita ƙafafunsa su fuskanci wurin, sannan ya juyo da bindiga wajen rabin hanya zuwa na'ura, idonsa kuma ya koma inda zai fara hango faifan sarai. Idan bakin ya yi kusa da na'ura, faifan zai tsere masa, ya shiga kora a gigice. Juyin daga ƙugu yake fitowa, kunci na manne da gindin bindiga har bayan harbi. A sikit na Olamfik, faifan na iya jinkirin da ya kai daƙiƙa 3 bayan kira, ba a kuma ɗaga bindiga zuwa kafaɗa sai ya bayyana.