Zargin Maguɗi da Na'urar Kamun Taya a Tseren Motocin Sprint: Tambayoyi da Amsoshi

A filayen tseren mota na jar ƙasa a Amurka, da wuya direba ya jera nasarori ba tare da an fara raɗe-raɗin cewa akwai abin da ya ɓoye a motarsa ba, kuma abin da aka fi ambata shi ne na'urar lantarki mai hana tayoyin baya juyawa a banza, wadda za a kira na'urar kamun taya a nan. Dokokin manyan gasanni sun haramta ta, amma zargin bai taɓa kwantawa ba.

Wace irin mota ce wannan, kuma me ya sa kamun taya ya zama babban lamari a gare ta?

Motar Sprint ƙaramar mota ce mai kujera ɗaya, tayoyinta a waje suke, kuma ana tseren ta ne a zagayayyen fili na jar ƙasa ko laka wanda tsawon zagayensa yakan kama daga kusan mita 400 zuwa 800. A ajin da ya fi kowane girma, wanda ake kira 410 saboda girman injinsa, injin mai silinda takwas yana shan man metanol, yana kuma ba da ƙarfin doki kusan 900, alhali nauyin motar da direbanta bai wuce kilo 650 da wani abin kirki ba. Ba ta da kuloci, ba ta da jerin giya irin na motar gida, ba ta ma da abin tayar da inji, sai dai wata mota ta turo ta daga baya har ta kama. A samanta akwai ƙaton fiffike mai ƙafa biyar a kowane gefe, wanda iska ke dannawa domin ta manne tayoyi da ƙasa.

Ma'anar wannan duka ita ce ƙarfin injin ya fi abin da ƙasar za ta iya ɗauka. Da farkon dare, lokacin da filin ke da danshi, taya tana kama ƙasa sosai, kusan kowa yana iya taka totur har ƙasa. Amma bayan motoci sun yi ta bi, danshin ya tafi, saman filin ya yi baƙi ya yi sulɓi, sai tseren ya koma gwajin ƙafar dama. Duk wanda ya taɓa ganin mota ta kafe a yashi, direba na ƙara taka totur tayoyi na ƙara haƙa, ya san cewa ƙarin ƙarfi ba shi ne ƙarin tafiya ba. A kan fili mai sulɓi, wanda ya iya ba injin wuta daidai gwargwadon abin da ƙasa za ta karɓa shi ne ke wucewa.

To, me na'urar take yi a zahiri?

Tana yin aikin ƙafar direba, amma da saurin da ɗan Adam ba zai iya ba. A motocin gida na zamani, ana saka na'urar auna gudu a kowace taya, kwamfuta ta kwatanta su, idan ɗaya ta fi sauran juyawa sai ta rage ƙarfin inji ko ta taɓa birki. A motar Sprint ba a buƙatar wannan wahala, kuma a nan ne matsalar ta samo asali. Tunda injin a haɗe yake da tayoyin baya kai tsaye, babu kuloci a tsakani, juyin inji shi ne juyin taya. Idan juyin injin ya yi tsalle farat ɗaya fiye da yadda mota mai wannan nauyi za ta iya ƙara gudu, babu wani bayani sai cewa taya ta saki ƙasa. Saboda haka abin da na'urar ke buƙata kawai shi ne ta riƙa sauraron saƙon wutar da ke zuwa fulogi, ta auna yadda tazarar da ke tsakanin tartsatsi ke raguwa.

Da ta ga tsallen, sai ta jinkirta tartsatsin kaɗan, wato ta ja taimin baya, ta yadda man zai kama wuta a makare, ƙarfin da ke tura fistin ya ragu. Wasu nau'o'in kuma suna hana wasu silinda wuta gaba ɗaya na ɗan lokaci. Da taya ta sake kama ƙasa, sai ta mayar da komai yadda yake. Lissafi mai sauƙi yana nuna bambancin da ke tsakanin na'ura da mutum: injin mai silinda takwas da ke juyi 8,000 a minti yana fitar da tartsatsi fiye da 500 a daƙiƙa ɗaya, kuma a cikin rubu'in daƙiƙar da mutum ke ɗauka kafin ya ji abu ya mayar da martani, tartsatsi fiye da 100 sun riga sun wuce. Na'urar tana iya gyara a kan na biyu ko na uku.

Idan motar ba ta da kwamfuta, a ina ake ɓoye ta?

Rashin kwamfutar ne ma ya sa mutane da yawa ke ɗaukar cewa bincike zai yi sauƙi, alhali ba haka ba ne. Wutar fulogi tana fitowa daga maganeto, wato ɗan janareton da injin ke juyawa, ta bi ta wani ƙaramin akwatin lantarki, akwai kuma agogon da ke nuna juyin inji, da makunnin kashe mota, da wayoyin da ke haɗa su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wuri ne da za a iya cusa ɗan guntun lantarkin da bai kai akwatin ashana ba. Akwatunan wuta sau da yawa a cike suke da wani daskararren roba mai kare kayan ciki daga girgiza, don haka ba a ganin abin da ke ciki sai an fasa. Ana kuma maganar nau'in da ake jonawa kafin tsere a zare bayan an gama, kafin motar ta isa wurin jami'an bincike.

Ya kamata a sani cewa ƙera irin wannan na'ura ko sayar da ita ba laifi ba ne a Amurka. Akwai kamfanonin da ke tallata ta a fili, domin wasu nau'o'in tsere sun yarda da ita. Laifin yana kan wanda ya shigo da ita gasar da ta hana. Wannan ya sa babu mai musun cewa na'urar tana nan kuma tana aiki. Abin da ake gardama a kai shi ne wa ke amfani da ita.

Me ya sa aka haramta ta, tunda tana sa mota ta fi tafiya?

Domin ita ce ke share bambancin da mutane ke biyan kuɗi su zo kallo. Idan lantarki ne ke auna totur, matsakaicin direba mai kuɗi zai matso kusa da gwani, kuma gasar za ta koma tsakanin masu rubuta manhaja. Akwai kuma batun tsada ga ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda yawancinsu iyali ne ke tafiyar da su. Kuɗin da ke kan layi kuwa ba kaɗan ba ne: wanda ya ci Knoxville Nationals, tseren da ake yi a jihar Iowa tun 1961, yana tafiya da fiye da dala 150,000, kuma a 2023 filin Eldora da ke Ohio ya biya Logan Schuchart sama da dala miliyan ɗaya a dare guda.

Masu zargi kan ce suna jin ta a ƙarar inji. Ana iya gane ta da kunne?

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma a ganina ita ce mafi rauni. Masu zargi suna cewa motar da ke da na'urar tana fitowa daga kwana da sauti mai kakkaryewa, ko sautin da bai tashi sama farat ɗaya kamar na sauran ba, ko kuma bututun hayaƙinta ya yi ja yana aman wuta. Akwai gaskiya a tushen maganar, domin jinkirta tartsatsi yana sa man ya ƙarasa ƙonewa a kan hanyarsa ta fita, bututun ya yi zafi. Sai dai kowace alama daga cikin waɗannan tana da wani bayani na halal. Injin da ba ya samun isasshen mai yana zafi, wanda man ya yi masa yawa yana ɓarin wuta idan direba ya ɗaga ƙafa, fulogin da ya fara mutuwa yana kakkarya sauti, kuma makaniki yana iya ja da taimin baya da hannunsa kafin tsere, wanda babu dokar da ta hana.

Mafi wahalar duka shi ne cewa aikin na'urar da aikin gwanin direba kamanninsu ɗaya ga mai kallo daga benci. Dukansu suna fitowa daga kwana a miƙe, ba sa watsa ƙasa sosai, injinsu ba ya kururuwa. Ke nan, duk yadda direba ya ƙara ƙwarewa, haka yake ƙara kama da mai maguɗi. Steve Kinser, wanda ya ci kambun World of Outlaws, babbar gasar motocin Sprint, sau 20, ya ci manyan tsere 46 na gasar a 1987 kaɗai, tun kafin ƙananan kayan lantarki irin na yau su wadata. Fifiko mai ban mamaki ya girmi na'urar, don haka ba zai zama shaida a kanta ba.

Waɗanne halattattun hanyoyi ne ke ba mota kamu har a yi zaton maguɗi ne?

Suna da yawa, kuma a nan ne ƙungiyoyi masu gogaggun makanikai ke yi wa sauran nisa. Direba yana da sandar da yake matsar da fiffike baya da ita yana cikin gudu, wanda ke ƙara nauyin iska a kan tayoyin baya yayin da fili ke bushewa. Tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma domin motar ta riƙa karkata hagu da kanta, kuma rage wannan bambanci yana ƙara kamu a miƙaƙƙiyar hanya. Ana rage iskar taya, ana tsattsaga fuskarta da wuƙa ta musamman, ana sauya shokazoba da sandunan da ke ɗaukar nauyin mota, ana canza giyar baya domin injin ya yi laushi. Wasu ma sukan zaɓi injin da bai kai sauran ƙarfi ba idan sun san filin zai yi sulɓi. Sannan akwai abin da ba ya cikin akwatin kayan aiki, wato direban da ke taka birki da ƙafar hagu yana riƙe da totur da ta dama, yana danne injin da kansa, da kuma wanda ya iya hango siririn layin danshi a gefen fili kafin sauran su gan shi.

Yaya jami'ai ke bincike, kuma me ya sa kamawa ke da wuya?

Dokokin manyan gasanni sun ba jami'ai ikon duba mota a kowane lokaci, su bi wayoyi, su karɓe akwatin wuta ko maganeto ko agogon juyi domin a gwada. Wahalar ita ce jami'an kaɗan ne, motocin da ke zuwa fili a dare ɗaya sukan kai gommai, kuma World of Outlaws, wadda Ted Johnson ya kafa a 1978, tana yawo jiha-jiha kusan duk shekara, sau da yawa a tashi daga wannan fili cikin dare a nufi na gaba. A ƙananan filayen mako-mako kuwa, mai binciken yakan kasance mutum ɗaya da sikeli da tocila.

Kwatanci da wani nau'in maguɗi yana fito da matsalar fili. Idan aka jiƙa taya da sinadari domin ta yi laushi, jami'i zai yanki guntu ya aika ɗakin gwaji, a kwatanta da samfurin kamfani, kuma sinadarin ba ya guduwa. Na'urar lantarki kuwa ana iya kashe ta ko a zare ta, kuma a kan teburin gwaji akwatin zai iya yin aiki lafiya lau idan ba a ba shi irin tsallen juyin da ke farkar da ita ba. Don haka idan aka bincika mota ba a sami komai ba, masu zargi sai su ce an iya ɓoyewa ne, direban da aka wanke bai wanku ba a idonsu. Wannan rashin adalci ne na gaske ga mai gaskiya, domin babu hanyar da zai bi ya tabbatar da rashin abu, kuma masu ɗaukar nauyin mota suna jin jita-jita kamar kowa.

Shin wata gasa ta taɓa shawo kan wannan matsala?

Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ta yi fama da ita fiye da shekara goma. An haramta na'urar daga 1994, kuma a wannan shekarar ce zargi ya dabaibaye ƙungiyar Benetton ta Michael Schumacher. Masu bincike sun gano ɓoyayyen zaɓi a cikin manhajar motar wanda ke taimaka wa tashi daga layin farawa, amma hukumar FIA mai kula da gasar ta kasa tabbatar da cewa an yi amfani da shi a tsere. A 2001, daga tseren Sifaniya, hukumar ta halatta na'urar, domin ta kasa tsare dokar. Ba a sake haramta ta ba sai a 2008, lokacin da aka tilasta wa kowace ƙungiya amfani da kwamfutar inji iri ɗaya wadda hukumar ta san abin da ke cikinta.

Me wannan ke nufi ga tseren Sprint?

Yana nufin cewa mai shirya gasa ya mallaki hanyar da wuta ke bi, maimakon ya tsaya neman abin da aka cusa a cikinta. Ana iya raba akwatunan wuta masu hatimi ta hanyar ƙuri'a a ƙofar fili a karɓe su bayan tsere, a tilasta wayoyi su kasance gajeru kuma a bayyane daga maganeto zuwa akwati, a kuma tsare motocin da suka zo na farko tun daga layin ƙarshe kafin kowa ya taɓa su. Mafi ƙarfi shi ne hukumar gasar ta saka tata 'yar na'urar da ke naɗar juyin inji da lokacin tartsatsi a cikin tsere, domin taimin da ke ja da baya daidai lokacin da taya ta saki ƙasa, kwana bayan kwana, ba abu ne da za a jingina wa ƙafa ko sa'a ba. Babbar gasa kamar World of Outlaws, ko High Limit da Kyle Larson da Brad Sweet suka kafa, tana iya ɗaukar wannan nauyi. Ƙaramin filin ƙauye da ke dogara da kuɗin tikitin daren Asabar kuwa ba zai iya sayen akwatuna 40 da kayan gwaji ba, abin da ya fi dacewa da shi shi ne musayar akwati tsakanin motoci ba zato, tare da dokar ƙorafi mai sharaɗin cewa duk mai zargi ya ajiye kuɗi kafin a buɗe motar abokin gasarsa, ya kuma rasa su idan ba a sami komai ba.